San da Ba Ya Cin Dusa

A duk faɗin Gwandu babu abin da Ɗalha bai sani ba, in dai daga bakinsa za ka ji. Shi ne ya taɓa gyara wa liman rediyo, kuma tun daga ranar rediyon ba ta ƙara ko tari ba. Shi ne ya yi wa akuyar maƙwabta allura, ta wuni tana tafiya da baya. Duk da haka in ka same shi a teburin shayin Lukuman, ya harɗe ƙafa, waya a hannu, sai ka rantse shi ke ba gwamnati shawara. Mu da muke zama teburin mun daɗe da gane cewa musu da Ɗalha ɓarnar shayi ce, sai mu bar shi ya yi ta zuba muna kurɓar abinmu.

Abu ɗaya na kirki ke hannunsa, shi ne sa. Shi da wansa Garba sun gaji shanun huɗa biyu, kowa da nasa, garma ɗaya, gona ɗaya a hanyar Kambaza. Na Garba sunansa Haƙuri. Ɗalha ya raɗa wa nasa Jirgi, amma iyakar hidimarsa ke nan, domin matarsa Zulai, Bafillatanar Dodoru, ita ke ba shi dusa da harawa, ita ke cire masa kaska, har hira take yi da shi. Sa ɗaya kuwa ba ya jan garma, kowa ya san haka.

Gab da faɗuwar damina Ɗalha ya faɗa wani shafi a waya inda ake cinikin kwandalolin azurfa. Ba irin kwandalar da ake kashewa ba ce. Ana buga su ne a ƙasashen waje don masu sha'awar tarawa, filin kwandalar kamar madubi, hoton da ke kai kuwa fari-fari kamar an barbaɗa masa gari, kuma daga wurin bugu ake rufe ta a roba, hannun mutum bai taɓa taɓa ta ba. Akwai masana da ake kai wa su tantance lafiyarta su ba ta maki, sai farashinta ya tashi. Wadda ba ta bi ta hannunsu ba ta fi sauƙi, amma sayenta sai mai ido, don hoto kawai za ka gani. Ɗalha ya ga wata mai hoton sa, ƙosasshe, mai tozo, an rubuta ba a tantance ta ba. Nan take ya ji an kira sunansa.

Ranar kasuwa, Garba ya tafi ta'aziyya, Zulai ta tafi awo, Ɗalha ya kwance Jirgi ya sayar wa Ubaidullahi, falken da ke kai shanu Kudu, ya tura kuɗin wa masu kwandala. Ubaidullahi mutum ne mai kunya. Ya ce zai yi lodi a Birnin Kebbi ranar Asabar, zai bi ta Kalgo, in Ɗalha ya tare shi can da abin fansa ya ɗauki sansa, in kuwa mota ta wuce, to ta wuce.

Da yamma Garba ya iso teburin shayi, ko sallama bai gama ba.

"Ɗalha, ina Jirgi?"

"Zauna, Yaya. Lukuman, haɗa mai shayi mai kauri, ni ka biya."

"Nac ce ina Jirgi?"

"Na musanya shi. Na bada sa mai cin dusa, na sawo sa wanda ba shi cin dusa. Shina hanya, cikin jirgin sama."

Garba ya kalli hoton da aka miƙa masa a waya, ya kalli ƙanensa, ya kalle mu ko akwai mai dariya. Akwai, amma duk mun sa baki cikin kofi.

"Wanga za mu ɗaura wa garma?"

"Kai dai ba ka san duniya ba. Turawa ba su samu sukunin tantance kwandalar ba, shi as sa sunka sakar min ita da araha. Ni zan tantance ta da kaina, in sayar, in fanso Jirgi, in ƙaro mai aboki. Kakanmu na wajen uwa ai maƙerin fari ne, azurfa cikin jinina take."

"Kakanmu dukanci yay yi."

"Maƙwabcinsa fa?"

Garba ya nuna sama, inda hadari ke haɗowa ta gabas. "Ruwa na bisa kai. In anka yi ruwan shuka ba Jirgi, mi zan ɗaura kusa da Haƙuri?"

Ɗalha ya miƙe tsaye, ya cire hula ya buga a teburi har cokula suka yi tsalle. "Jama'a ku shaida! In Asabar ta wuce ban dawo da shanu biyu ba, ni Ɗalha a sa min karkiya, a ɗaura ni kusa da Haƙuri, in ja garma har ƙarshen gona!"

"Mun shaida!" in ji teburi gaba ɗaya. Ban taɓa ganin an karɓi shaida da murna irin ta ranar ba.

Zulai ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba Ɗalha tsoro ke nan. Ta dai wanke kwanon dusar Jirgi ta kife a bakin turke, kuma kullum sai ta je ta tsaya wurin.

Abin mamaki, kaya suka iso. Mu duk mun sa rai za a aiko masa da marfin kwalba, sai ga direban Birnin Kebbi ya sauke ƙunshi a teburin Lukuman. Ɗalha ya yi bisimilla ya yage. Akwati cikin akwati, sannan ƙaramar roba mai garai-garai, a cikinta kwandala. Wallahi sai da kowa ya matso. Ka leƙa ka ga fuskarka har da abin da ke tsakanin haƙoranka, ga san nan tsaye a tsakiya fari fat, ana iya ƙirga gashin jelarsa.

Ɗalha ya ɗauki hoto gaba da baya ya tura zauren masu tara kwandaloli da ya shiga a waya, har da labarin sansa. Kafin shayi ya huce saƙon murya ya shigo daga wata Malama Safiya, malamar jami'a a Kalgo, wadda ta shekara da shekaru tana tara irin waɗannan. Ɗalha ya ƙure murya kowa ya ji.

"Malam Ɗalha, ka yi sa'a. Irin wannan kaɗan aka buga, kuma a hoto ban ga ko ƙwarzane ba. In na gan ta da idona haka take, zan saya, kuma kuɗin zai fanshi sanka har ya yi saura mai kauri. Ka kawo ta Asabar. Amma don Allah kada ka buɗe robar, kada ka taɓa ta, kada ka goge ta. Yadda ta zo haka za ka kawo."

Aka kaure da kabbara. Garba ma da ke gefe sai da ya gyara zama. Ɗalha kuwa, maimakon murna, sai ya haɗe rai.

"Kun ji wayo? Kar in buɗe. Kar in taɓa. Don kar in gane darajar abina, ta saye shi a banza! Wa yat taɓa sayen akuya cikin buhu? Lukuman, ba ni wuƙar burodi."

"Ɗalha, matar nan ta ce..." in ji Lukuman.

"Ita karatun azurfa tay yi, ni gado nay yi."

Ya sa bakin wuƙa a tsagin robar ya murɗa. Robar ta ƙi. Ya sa haƙori, ta ƙi. Ya koma wuƙa da ƙarfin zuciya, sai ji muka yi ɓas, marfi ya yi gabas, kwandala ta yi sama, ta juya sau biyu ta sauka cikin kaskon wainar ƙwai.

"Ba komai," in ji Ɗalha, yana tsamo ta da cokali. "Wanga shi aka kira gwajin mai. Ta ci."

To, a garinmu ba a yin sabon abu a hana mutane sa albarka. Ko keke ka saya sai an shafa sirdi. Kwandala ta fara zagaya teburi daga hannu zuwa hannu, mai cin ƙosai ya shafa, mai gyaran babur ya shafa, mai goro ya ɗaga ta sama ya huro mata iska ya goge da hannun riga. Da ta iso hannun Malam Abdulrahman ladan, ya karanta abin da ya sawwaƙa ya tofa mata sau uku, gaba da baya. Kafin ta dawo wurin mai ita, madubin nan ya koma kamar gilashin fitilar da ta sha hayaƙi.

Ɗalha ya kai ta gida ya zauna tsakar gida kan turmi, ya rufe ido ɗaya yana nazari. Can ya yi tsaki.

"Zulai, zo ki ga ha'incin Turawa. Kin ga filin na ƙyalli, amma san bai ƙyalli? Kyasbi ne yak kama shi. Shi as sa sunka ƙi kai ta tantancewa, kunya sunka ji."

Zulai ta leƙo daga madafa. "Ni san da na sani ba shi da kyasbi."

"Kawo min toka da lemun tsami. Da mi kuke goge azurfar kitso a Dodoru?"

"Da su. Amma mu tamu ba ta zo cikin jirgin sama ba."

"Azurfa azurfa ce. Haɗo da soson ƙarfe."

Ya tuɓe riga ya duƙufa. Ya goga, ya ɗauraye, ya duba, ya ƙara toka. Kyasbin nan da aka ɓata fasaha aka yi wa san da gangan, Ɗalha ya bi shi lungu-lungu har ƙarƙashin tozo sai da ya ga bayansa. Da ya gama, sa da fili sun zama launi ɗaya, irin na gindin tukunyar da ta ji sabulu da yashi. Gashin jela kuwa babu ko ɗaya.

"Kin gani? Yanzu yaf fito."

Zulai ta karɓa ta juya. "Ya rame," ta ce. "Kwana ɗaya a hannunka."

Washegari Garba ya zo, ya ɗauki kwandalar ya auna a tafin hannu. Shi mutum ne da ba ya yarda da abin da bai yi kuka ko ya yi toho ba.

"Jiya ta fi kyau. Anya ba gwangwani ba ne anka shafa wa ruwan azurfa, kag goge shi?"

Wannan magana ta soki Ɗalha har ƙashi. Ya ce a tafi maƙera yanzu-yanzu, kuma a kira mutane. Ba a sha wahalar kiranmu ba.

Albarka maƙerin fari tsoho ne mai nauyin kunne, yana zaune a rumfarsa a bayan kasuwa. Aikinsa tun yana saurayi shi ne awarwaro da zobe da azurfar kitson matan Fulani. Kafin ma ya ɗago kai, Ɗalha ya tsaya a ƙofar rumfa ya fara darasi.

"Gwajin farko, haƙori. Azurfar gaske tana karɓar haƙori."

Ya kafa mata haƙoran gaba ya danna. Muka ji ƙas. Ya tsaya cak, idonsa ya kawo ruwa, ya juya baya ya tofar da wani abu fari a tafin hannu ya sa aljihu.

"Ta karɓa?" in ji Lukuman.

"Ta karɓa," in ji Ɗalha, hannu a kunci. "Da ma shina girgiɗi."

Kuma gaskiyarsa, ta karɓa, don ga sawun haƙori biyu a cinyar san.

"Gwaji na biyu, amo. Ku yi shiru."

Ya ɗaga ta sama da kai ya sake ta kan dutsen wasa wuƙa. Ta buga tinnn, amo mai daɗi, siriri, wanda ya daɗe yana yawo a kunne. Har Albarka ya ɗago kai. Sai dai kwandalar ba ta tsaya jin yabo ba. Ta tashi kan gefenta ta gangara, ta bi ta tsakanin ƙafafun Garba, ta fita rumfa, ta ratsa gaban mai tumatur, Ɗalha na bin ta a duƙe yana "A tare! A tare!", mu kuma muna bin Ɗalha. Wani mai babur ya taka burki, bai taka da wuri ba, tayar gaba ta bi ta kanta. Ta yi tsalle ta faɗa kwatar mahauta, inda agwagi ke kiwo.

Abin da ya biyo baya ba zan faɗe shi duka ba, don akwai masu karatu suna cin abinci. Ɗalha dai ya shiga har gwiwa, wani tsohon agwagwa namiji ya ƙi yarda da baƙo a gidansa, aka yi ta fama, agwagwa na sara Ɗalha na lalube. Daga ƙarshe ya ɗago hannu sama da kwandala, gefenta ya lotsa, ya ce wannan shi ne gwajin ruwa.

Aka komo rumfa. Albarka ya ɗauraye ta, ya ɗauki magagari ya ci gefenta har sai da ya yi ɗan rami, ya leƙa ciki, ya goga a baƙin dutse ya duba sawun.

"Azurfa ce," ya ce. "Tsantsa. Rabona da irin wagga tun ina bin babana."

Ɗalha ya manta da haƙori, ya manta da warin da ke tashi daga wandonsa. Ya fito tsakiyar hanya ya juya wa rumfa baya.

"Yaya, ka ji? Lukuman, ka ji? Wa yac ce gwangwani? Turawa da na'urorinsu sun kasa, ni na gama cikin wuni biyu! Daga yau duk mai azurfa a ƙasar Gwandu..."

Kwam!

Muka waiga. Shekara hamsin duk kwandalar azurfar da ta shigo rumfar Albarka abu ɗaya ake so a yi mata, don a samu inda za a zura zare a ɗaura a kitso. Tsoho bai ji ana maganar wata Malama Safiya ba, ba zai ma ji ba. Ya ɗora ta kan uwar maƙera, ya kafa tsinke, ya sauke masaba. Ya miƙo wa Ɗalha abinsa da huji tsaf, daidai inda kan san yake.

"Ban ɗauki ko sisi ba," in ji Albarka. "Ka gaida Zulai."

Na ɗauka a nan Ɗalha zai faɗi. Ya daɗe yana leƙen mu ta cikin hujin. Sai ya yi murmushi da sabon giɓinsa.

"Allah Ya yi maka albarka, Baba. Jama'a, kuɗin da kakanninmu sunka kashe, ba mai huji ba ne? Wa ka da shi yanzu? Babu! To ga shi na mayar da sabuwa tsohuwa. Farashi ya ninka."

Ya zura mata igiyar laya ya rataya a wuya, ya ce yanzu ko gangara ba za ta ƙara yi ba.

Asabar da hantsi muka cika mota biyu zuwa Kalgo. Babu wanda aka gayyata, kowa ya ce yana da uzuri can. Ɗalha ya sha babbar riga, ya riƙo sababbin igiyoyi biyu, ɗaya ta Jirgi ɗaya ta abokin Jirgi, ya kuma ɗauko mai kalangu don dawowa. Garba ya zauna a baya. Zulai ta zauna kusa da taga da kwanon dusa a cinya, an rufe da faifai.

Motar Ubaidullahi na tsaye a bakin titi kusa da tasha, shanu sun cika ta, ƙahoni ta ko'ina. Malama Safiya na jira a ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro, ta sa an kawo mata ɗan teburi. Mace ce mai fara'a. Ta gaisa da kowa, ta ɗan yi mamakin yawanmu, sannan ta shimfiɗa farin ƙyalle mai laushi, ta sa fararen safar hannu, ta fito da gilashin ƙara girma.

"Kun gani?" Ɗalha ya raɗa mana da ƙarfi. "Tsoron azurfa takai. Ba gado."

"Malam Ɗalha, ina robar?"

"Na sauƙaƙa miki aiki, Malama. An gama komai."

Ya zura hannu cikin wuyan riga ya zaro igiyar laya, ya ajiye kwandala a kan farin ƙyalle, da ɗuminta da guminta. Mai kalangu ya ɗan taɓa.

Malama Safiya ta kalli abin. Ta buɗe wayarta ta kalli hoton da ya tura mata. Ta sake kallon abin.

"Wannan na gani. Ina wadda ka turo min?"

"Ita ce."

"A'a, mai hoton sa nake nufi."

"Ga shi nan. Ki duba ƙasan hujin, ga tozo."

Ta ɗora gilashi. Ta duba gaba da baya.

"Farin da ke jikin san fa?"

"Kyasbin? Na raba shi da shi. Toka da lemun tsami, sai ɗan soson ƙarfe."

"Inna lillahi. Wannan ramin na gefe?"

"Magagari. Don ki tabbata har ciki azurfa ce."

"Nan kuma kamar... haƙori?"

"Nawa ne. Ga shaida." Ya buɗe baki ya nuna giɓi.

"Nan da ya lanƙwashe?"

"Babur ne, amma ba da gudu ba."

Malama Safiya ta ajiye gilashi, ta cire safar hannu a hankali, ta rufe fuska da tafukanta. Kafaɗunta na motsi, ba mu san ko kuka take ko dariya ba, ina jin ita ma ba ta sani ba.

"Malam Ɗalha," ta ce da ta samu murya, "abin da ake saya a irin wannan kwandala shi ne ba a taɓa ta ba. Shi ke nan. Farin nan da ka kankare da gangan aka yi shi. Ka sayi abu ba ka gan shi ba, Allah Ya rufa maka asiri aka aiko maka da na gaske, lafiyayye, irin wanda nake nema shekara da shekaru. Da ka sa ta a aljihu ka yi barci, da yanzu sanka na hannunka."

"To yanzu da anka tantance ta, nawa za ki ƙara?"

"Yanzu nauyin azurfarta kawai ya rage. Ka kai wa maƙeri, wataƙila ka samu na ɗan akuya."

"Ɗan akuya!"

"Ƙarami," in ji Malama Safiya.

Ɗalha ya juyo gare mu. "Kun ji abin da nac ce tun farko? Wayo! Ba ni sayarwa! Akwai masu ido a Legas, akwai su a Makka!" Ya fizgi kwandala ya nufi motar shanu, babbar riga na jan ƙasa. "Ubaidullahi! Riƙe wagga ka sauke min Jirgi. Azurfa tsantsa, Albarka ya shaida!"

Ubaidullahi ya karɓa ya leƙa ta hujin, ya mayar masa. "Ɗalha, ni shanu nika saye masu kai."

Direba ya tada mota. A nan ne Zulai ta ratsa mu ba ta kalli kowa ba, ta je jikin motar ta kira sunan Jirgi sau ɗaya. Daga can tsakiya wani sa ya amsa, ya turo hanci ta tsakanin katakai. Ta buɗe faifai ta ɗaga masa kwanon, ya ci loma biyu, mota ta fara tafiya. Ta bi ta da kwano a sama har sai da tafiya ta fi ƙarfinta. Dariyar da muka taho da ita tun daga Gwandu ta ɗauke, wallahi na ji tausayin matar nan. Mai kalangu ya saɓa kalangunsa a kafaɗa. Garba ya tako ya zare igiya ɗaya daga hannun ƙanensa, ya gwada ƙarfinta, ya naɗe ya sa aljihu.

Ruwan shuka ya sauka daren Lahadi, mai yawa. Da safe duk wanda ke da gona a hanyar Kambaza ya tafi gonarsa, amma ta gonar su Garba ya bi, ko da ba hanyarsa ba ce. Lukuman ya kwaso teburinsa ya kafa a bakin gona. Malam Abdulrahman ladan ya zo a matsayin shaida, ya ce alkawari kaya ne, kuma da kunnensa ya ji.

Garba ya naɗa tsumma a gefe ɗaya na karkiya, don dai ɗan'uwa ɗan'uwa ne. Haƙuri ya juyo ya shinshina sabon abokin aikinsa, ya yi atishawa. Ɗalha ya tuɓe riga ya sa wuya.

"Ku lura da kyau," ya ce mana daga ƙarƙashin karkiya. "Yawancin shanu ba su san dabarar jan garma ba, da ƙarfi sukai. Abin a kafaɗa yake."

"Haƙuri, mu je!" in ji Garba.

Haƙuri ya taka, karkiya ta karkace, Ɗalha ya tafi da gudu-gudu yana neman ƙasa da ƙafa. Kunyar farko ta fito kamar sawun maciji. Kafin su kai ƙarshenta ya faɗi sau biyu, ya rasa takalmi ɗaya, yana ta faɗa wa Garba cewa sansa ba shi da saiti.

Da rana ta take sai ga Zulai tafe da kaya a kai. Ta yi sabon kitso, kuma a gefen goshinta ga kwandalar nan tana lilo a zare, tana ɗaukar ido. Gaskiya ta yi mata kyau, Albarka ya san aikinsa. Ta sauke wa Garba fura. Ta wuce gaban karkiya, inda Ɗalha ke zaune a ƙasa yana haki, ta ajiye masa kwanon Jirgi ta ɗage faifai. Dusa ce, an dama da ruwa da ɗan kanwa, yadda ta saba.

"Zulai, mi ke nan?"

Ta taɓa kwandalar da ɗan yatsa. "Wanga kac ce ba shi cin dusa, na kuwa gwada, bai ci ba. Kai ci maza, da sauran gona."

Haƙuri ya miƙo wuya zai sa baki, ta kaɗe masa hanci ta ce ba nasa ba ne.